Ranar da Aka Jawo Ni Daga Cikin Rumbu

Ku matso inuwa, amma kada kowa ya jingina da ginin nan, bai bushe ba. Kai mai jar riga, da kai nake! Na san abin da ya kawo ku. Kun ga tsoho a salula, wato wayar hannu, ana jawo shi da igiya daga cikin rumbu, ƙafafu na reto, kun yi dariya har da hawaye, kuka ce bari mu je Tajaye mu ga wannan aiki. To, ni ne tsohon. Isuhu Magini ake ce mini daga nan har Illela, kuma tun kafin gemu ya fito mini nake gina rumbun laka, wanda mu nan muke kira ruhewa. Ku zauna. Ni a tsaye zan yi magana, gwiwar nan in na lanƙwasa ta ba ta yarda ta miƙe.

Rumbun farko da na yi wa aiki na wani manomi ne a gefen Illela, ina bin Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata. In na ce aiki, kada ku ɗauka hannuna ya taɓa bango. Ƙafa ce ta sha wuya. Mu haƙo ƙasa daga tsohon suri, mu loda wa jaki, mu zube a rami, mu kwarara ruwa, mu watsa ramno, wato busasshiyar ciyawa da aka sassare ƙanana, mu ƙara kashin jaki. Daga nan ka naɗe wando ka shiga ka yi ta takawa. A rufe ta ta kwana, gobe ka dawo ka sake takawa, har sai ta fara irin warin da mata ke toshe hanci in sun zo wucewa. Kawu ba ya bayani. Ya tsuguna ya ɗebo kaɗan, ya murza tsakanin yatsu, ya shinshina, in ba ta yi masa ba ya watsa maka ita a ƙirji ya tafi abinsa. Ƙaya ta soke ni a ramin nan, kunama ta harbe ni, tafin ƙafata ya tsattsage. Ban san damana nawa ta wuce ina wannan takun ba.

Shi kuwa ginin, ba irin na ɗaki ba ne da za ka jera tubali ka ja igiya. Rumbu kamar tukunya ake ɗora shi. A jera duwatsu a ƙasa saboda gara da danshi, a shimfiɗa itace, a daɓe. Sannan magini ya tsaya a ciki, a miƙa masa curin laka, ya mulmula ya yi tsawo, ya ɗora a kewaye, hannu ɗaya ciki ɗaya waje, yana matsawa yana ja sama, ya bi da sakaina ya goge. Bangon siriri ne, kaurin 'yan yatsu, amma zai riƙe geron da gida zai ci shekara. In ka gama kewaye ɗaya sai ka bar shi ya sha rana, domin ba a ɗora ɗanye kan ɗanye. Da gini ya yi sama, sai a kafa gwafa biyu a waje, a gitta itace mai ƙarfi ta saman baki. Shi magini ke kamawa ya shiga, shi yake kamawa ya fita, ba ya dafa bango ko da wasa. A ciki kuma tsani ne a tsaye, a kansa kake wuni.

Kuma ku ji dokar da na tarar: ɗan koyo ba ya shiga ciki. Ya taka laka, ya ɗebo ruwa, ya miƙa curi, shi ke nan. Cikin rumbu na maigida ne, kuma in ya rufe wuya ya gyara baki, shi zai danna tafin hannunsa a gefen bakin, duk wanda ya hau ɗibar gero ya san ginin wane ne. Ni Kawu Nomau bai bar ni na tsallaka ciki ba sai da ya kwanta ciwon ajali, akwai rumbun mutane rabi a tsaye. A lokacin ina da mata da ɗiya biyu.

Masu ba da aiki kuwa, Allah ya ba ku haƙuri da su. Akwai wani a Malbaza da bai san girman da yake so ba, abin da ya sani kawai nasa ya fi na maƙwabcinsa. Kullum ya leƙa ta katanga ya dawo ya ce in ƙara. Akwai wani Alhaji mai motoci a Konni da ya ce in shafe masa rumbu da siminti ya yi kyau kamar buro, wato ofis. Na ce Alhaji, laka tana numfashi, in ka toshe ta geronka zai yi gumi. Ya ce shi ke biya. Na shafe. Bayan damana ya aiko mota a ɗauko ni in kankare.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda ruwa ya ɗauke gero na kan fitar da kai. Babu wanda ya kira ni gini. Abin da ake kira na yi shi ne in sauka cikin rumbunan da na gina da hannuna, da tsintsiya da ƙwarya, in sharo abin da ya maƙale a ƙasa, don na fi kowa sanin yadda ake shiga ba a karya baki ba. Ka fito da ƙwarya rabi ƙasa rabi tsaba, uwar gida ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Wallahi na fi son harbin kunama da wannan godiyar. A shekarar samari suka fara watsewa, kuma ba su daina ba. Wasu Abijan, wasu Libiya, wasu ramin zinariya. Ɗana babba direban kamyo ne yanzu, babbar motar kaya, ƙaramin in ya kira waya ba na ma gane sunan garin da yake. Aka wayi gari daga ni sai jaki.

To, a haka Inna Zali ta same ni. Ita ce shugabar wata ƙungiyar mata a Badaguishiri. Da kaka suka haɗa hannu suka sayi gero, don su raba wa junansu a tsakiyar damana lokacin da tukwane ke bushewa. Sun zuba shi a wani ɗakin soro, ashe rufin ya tsage. Ta zo a bayan kabu-kabu, rani ya riga ya yi nisa, ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Malam Isuhu, rumbu muke so, babba. In damana ta iske geronmu cikin wanga ɗaki, ruɓaɓɓe ɗiyanmu za su ci."

Na ce, "Inna, sai yanzu? Kuma da wa zan yi? Kin ga kowa a gidan nan?"

Ta ce, "Wannan kai ta shafa. Mu dai mun ji an ce babu kamarka."

Na amsa, don ban iya cewa a'a ba. Amma daga ranar ban ƙara cin tuwo a zaune ba. In fita ƙofar gida in duba gabas, in dawo, in sake fita.

Jikata Balki ce ta gaji da zirga-zirgata. Ta yi lakwal, wato makarantar boko, a Konni, kuma da salularta take sayar da mayafai da turare, ba ta da rumfa ko ɗaya a kasuwa. Tun tana ƙarama nake ce mata uwargida, ita kuma ta ce mini ango.

"Ango, ka bar sintirin nan, kana sa ni jiri. Samari suna nan, ba ka san inda suke zama ba ne. Cikin waya suke. Masu gareji da masu gidan burodi duk nan suke neman yara yanzu. Ka nuna musu aikin yana da kyau, ka nuna maigidan mutumin kirki ne, za su zo."

Na ce, "To ina za mu samo maigidan kirkin?"

Ta ce, "Zan gyara ka."

Ta kuwa gyara ni. Ta sa na sa rigar sallah, na tsaya gaban wani ƙaramin rumbu da na fara ɗorawa a nan Tajaye, ta ce in yi murmushi. Kullum ta zo ta ɗauki bidiyo kaɗan da salula. Da ta haɗa ta nuna mini, sai na ga rumbu yana tsirowa daga ƙasa yana kumbura kafin ka ƙifta ido, ga kiɗa, ga ni ina walƙiya kamar mai neman kujerar siyasa. Ba rami, ba wari, ba jira. Na ce uwargida, wannan ba aikina ba ne. Ta ce in dai bari, ta watsa shi a waya.

Suka zo kuwa! Ranar da muka fara na Badaguishiri sai ga samari a kan babura, daga Illela, daga Malbaza, har da na Konni, wasu da fararen takalma. Na nuna musu rami na ce bisimilla. Ɗaya ya leƙa ya ce, "Baba, ina injin?" Wani ya tambaya ko da la'asar za a gama. Warin laka ya kori kashi na farko. Ɗibar ruwa da bido, wato jarka, daga rijiyar fadama ya kori na biyu. Waɗanda suka rage, jira ya cinye su: mu ɗora kewaye ɗaya, in ce a sauka, su zauna suna danna waya suna hamma, gobe in ƙirga in ga babu ɗaya.

Habu ne ya fi ba ni ciwon kai, wani dogo mai surutu da ke son ya ɗauki kansa yana gini. Gini ya kai ƙirji, aka yi rasuwa a Tajaye, na tafi jana'iza na ce kada kowa ya taɓa. Yaron nan ya jingina salula a kan dutse, ya tsallaka ciki, ya yi ta ɗorawa kamar yadda ya gani a bidiyon Balki, ɗanye kan ɗanye, wai zai ba ni mamaki. Ya ba ni kuwa. Na dawo na iske cikin rumbun ya zauna gefe guda kamar tsohuwar tukunya. Abin da na faɗa masa ba zan maimaita ba, akwai yara a nan. Ya hau babur bai waiwayo ba. Muka rushe har kusan gindi muka sake.

Saura mutum ɗaya, Lawali, wannan da kuke gani can yana goge bango bai ko ɗago kai ba. Ya dawo daga Libiya ke nan, ya yi aikin shafe a can, ba ya magana da yawa. Ya taka laka bai yi ƙorafi ba, ya ɗebo ruwa, ya miƙa curi. Sau ɗaya kawai ya ce, "Baba, yaushe zan shiga ciki?" Na ce in lokaci ya yi. Washegari na ga jakarsa a ɗaure a gindin bishiya.

Balki ta ja ni gefe. "Ango, shi ma tahiya zai yi. Ni na kawo maka su, kai ka kore su."

Na ce, "Ni? Ke da kika nuna musu rumbu na tsirowa kamar naman kaza?"

Ta ce, "Na yarda, wannan nawa ne. Amma mi ka nuna musu kai? Rami. Mutum ya bar Libiya ya zo ya taka kashin jaki har sai ka mutu? Na yanzu ba sa jiran gawa. Ka bar shi ya shiga."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce haka na tarar, haka zan bari, kuma geron mata ba abin gwaji ba ne, ta ga abin da Habu ya yi. Ta ce to, ta ɗauki mayafinta. Lawali dai bai tafi ranar ba, amma jakar ba ta kwance ba.

Bazara ta kama, zafi kamar a gasa mutum. Da rana hadari ya taso ya yi baƙi ya watse. Inna Zali ta daina zuwa da fura, sai dai ta zo ta tsaya, ta dubi rumbu, ta dubi gabas, ta dube ni. Matan sun riga sun saƙa hular ciyawa daidai bakin da na auna musu, tana ajiye a gefe. Amma hula ba ta rufe rumbun da wuyansa ke buɗe, tampol kuwa ruwa zai taru a kai ya danne ya karya bango. In ruwa ya shiga ta sama, duka zai narke, kuma babu sauran ranar da za a sake wani.

Ranar da kuka gani a waya, kewayen ƙarshe ya rage da gyaran baki. Na shiga tun hantsi. Cikin rumbu a irin wannan lokaci ba iska, gumi na shiga ido, kana tsaye a kan tsani da ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Bayan azahar na ji iska ta sauya, na ji awaki na kuka, Lawali ya ce daga sama, "Baba, wanga na yau ba mai watsewa ba ne." Na juya in karɓi curi, sai gwiwar ta yi ƙas. Ƙafa ta ƙi ɗaukata. Na zame daga tsani na sauka ƙasan rumbu a zaune.

Na gwada tashi, ina! Na kama tsani na ja jiki, abu ya ƙi. Ta bakin nan ina hango sama tana yin baƙi. Na ji tsoro, ba na ɓoye muku, ba don kaina ba, don geron mutane.

Sai ga fuskar Lawali a sama, yana rataye da itacen gitta. "Baba, ka hito."

Na ce, "Miƙo laka!"

"Daga zaune za ka rufe shi?"

Muryar Inna Zali ta ratso bango kamar tana cikin kunnena. "Malam Isuhu! In mutuwa kake so, ka zo waje ka yi ta, ba cikin rumbunmu ba! Ku kawo igiyar rijiya!"

Suka jefa igiya ta kan itacen, Lawali ya zuro mini, na ɗaura a hammata ina zage-zage. Mata suka kama ɗaya bakin, Inna Zali na ba da murya, suka ja. Haka na taso kamar akuyar da ta faɗa rijiya, ina juyi, ina ihu kada kowa ya bari ƙafata ta taɓa bango. Uwargida kuwa, maimakon ta kama igiya, tana gefe da salula. Wannan ne abin da ya ba ku dariya.

Suka ajiye ni a gindin rumbu. Iska ta fara ɗaga zannuwa. Lawali na tsaye a kan tsanin waje yana kallona. Na dubi gabas, na dubi hannuwansa.

Na ce, "Mi kake jira? Shiga!"

Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai bango. Na manna kunne da kafaɗa a jikinsa ina ihu. Kada ka ja da ƙarfi! Jiƙa hannu! Bi ta dama! Shi kuma daga ciki sai "To, Baba," "Na ji, Baba." Balki ta ajiye waya ta hau tsani tana miƙa curi, matan suka yi layi daga rami. Ina jin karcen sakaina ta cikin laka, kuma daga sautin na gane yaron nan duk kwanakin da yake miƙa mini curi, hannuna yake kallo. Sai na daina ihun, na bar shi da aikinsa.

Ɗigon farko ya sauka a goshina lokacin da ya leƙo da kai. "Baba, an gama. Saura hannu. A ɗaga ka?"

Na ce, "Wa ya rufe wuyan?"

Ya dubi tafin hannunsa.

Na ce, "To danna naka, ka hito, ruwa zai jiƙa mana aiki!"

Ya danna, ya kama itace ya fito, aka ɗora hula aka ɗaure ta da igiya ta ko'ina, aka kewaye jikin da zana. Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Suka ɗauke ni cak zuwa zaure. Da ya ɗauke na sa aka kai ni na shafa bangon, yana nan daram. Aka samu kwanakin rana bayan nan, ya bushe, matan suka kwashe geronsu daga ɗaki mai yoyo suka zuba. Da damana ta yi tsakiya suka buɗe suka raba, Inna Zali ta aiko mini da fura a ƙwarya, da saƙon wai in daina zagin mutane.

Bidiyon kuwa, Balki ba ta sa masa kiɗa ba, ba ta gaggauta shi ba. Ga laka, ga gumi, ga zagi, ga Lawali yana danna hannu. Na ce ta goge, ta tozarta ni. Ta ce ango, wannan ne zai kawo na gaske. Ga ku nan kuwa, kun zo, ban sani ba ko ku ne na gasken.

Saboda haka ku ji abin da ba ya fitowa a waya. Za ku taka laka, za ta yi wari. Za ku ɗebi ruwa har kafaɗa ta yi kanta. Za ku zauna jiran rana ta busar da abin da kuka ɗora, ranku na tafasa, kuma duk wanda na kama ya ɗora ɗanye kan ɗanye, ya hau babur ɗinsa tun kafin in buɗe baki. Amma ba za ku jira mutuwar kowa ba. Wanda ya yi rani guda a rami bai gudu ba, zai shiga ciki, kuma Lawali ne zai ce ya shiga, ba ni ba.

Ni tun ranar nan ban sake ganin cikin rumbu ba, kuma likita a Konni ya ce ba zan sake ba. Wani lokaci in suna aiki nakan zo in manna kunne a bango, in saurari sakaina. Iyakar rabona ke nan yanzu.

To, me kuke kallo? Ku cire takalman nan. Ga rami can, kuma hadari ba ya jiran kowa ya gama danna waya.